Ya kashe amininsa da ya karye, masu karatu sun ce ba su yarda ba

Ummu Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman wurin masu kallon finafinan zombi masu dogon zango, wato na matattun da ke tashi suna cin mutane. Ina rubuta wani labari da nake saki babi-babi. Mutum bakwai ne suka maƙale a wani gidan mai bayan annoba ta ci garin. A babi na 14 Nura ya faɗo daga katanga ya karye a cinya. Ba cizo ba ne, karaya ce kawai. Cikin dare Sadiq, amininsa tun suna firamare, ya danne masa fuska da matashi har ya daina motsi, saboda nishinsa yana jawo matattun bakin ƙofa.

Wallahi ina rubuta wurin ina hawaye. Amma da na saki babin sai masu karatu suka yi mini caa, kowa yana cewa Sadiq ɗin da suka sani ba zai aikata haka ba. Wata ta ce na kashe Nura ne kawai don na rasa yadda zan yi da shi. Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

A fim ɗin zombi na Amurka mai suna The Walking Dead an yi irin wannan kisan ba sau ɗaya ba, kuma mutane suka karɓa. Me suka yi da ni ban yi ba?

Bash Fagge:
Wa alaikumus salam Anti. Je ki sake kallon zango na biyu, kashi na uku, wanda ya fito a Oktoban 2011. Otis, ma'aikacin gonar Hershel, ya harbi yaron nan Carl, ɗan Rick jagoran tawagar, bisa kuskure yana farautar barewa. Hershel likitan dabbobi ne, ya ce ba zai iya yi wa yaron aiki ba sai an samo na'urar numfashi. Shane, aminin Rick, da Otis suka tafi makarantar sakandare ɗauko kayan, matattu suka rufe su, harsashi ya ƙare saura ɗaya-ɗaya. Shane ya harbi Otis a ƙafa, ya fizge jakar, ya bar shi ana cinsa. Lissafi ne mai sauƙi: ko mutum ɗaya ya mutu, ko uku su mutu har da yaron. Ki ba Sadiq lissafi irin wannan, kowa zai yi shiru.

Aunty Bilki:
Bash, ka manta abu mafi nauyi a wurin nan. A daren, waye mai rauni? Shane ne. Shi ya yi targaɗe da ya diro ta taga, shi ne mai ɗingishi. Har cewa ya yi Otis ya ɗauki jakunkunan ya tafi ya bar shi, Otis ya ce ba inda zai je. To mutumin da ya ƙi barinka a baya, shi ka mayar abincin matattu bayan 'yan mintuna. Da lissafi ne zalla, mai ɗingishin ya kamata ya tsaya. Lissafin ya faɗa ne daidai inda Shane yake so ya faɗa.

Bash Fagge:
Anti, Otis mutum ne mai ƙiba, tun a hanya yake haki. Wa ya ba ki tabbacin zai kai mota da kayan?

Aunty Bilki:
Babu wanda ya ba ni, kuma babu wanda ya ba Shane. Wannan shakkar ita ce ta sa har yau, shekara goma da ɗoriya, muke musu a kai. Da marubutan sun nuna ƙarara cewa ba wata mafita, da mun tausaya masa mun wuce. Da sun nuna mugunta ce tsagwaronta, da mun tsine masa mun wuce. Suka bar mu a tsakiya.

Ummu Hanifa, abin da nake so ki lura da shi, Shane ba a daren nan ya fara ba. Tun a zango na farko, a cikin daji, ya saita Rick da bindiga ya daɗe yana kallonsa ta bakinta kafin ya sauke, Dale, dattijon tawagar, na tsaye yana ganinsa. Mun san ya nemi Lori, matar Rick, lokacin da Rick yake kwance a asibiti, mun san yana kallon Carl kamar ɗan cikinsa. Da ya harbi Otis, gabanmu ya faɗi, amma ba wanda ya ce "ba halinsa ba ne". Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi Sadiq naki, a babi goma sha uku da suka wuce, ya taɓa yin wani ƙaramin abu da zai sa mai karatu ya ɗan yi tsam?

Ummu Hanifa:
Gaskiya bai taɓa ba, Anti. Shi ne mai raba abincinsa, shi ne mai jan su salla, shi ya goyi wata tsohuwa a babi na shida. Na yi haka ne da gangan don kisan ya girgiza mutane.

Aunty Bilki:
To kin girgiza su, amma sun ji kamar kin yaudare su ne. Ki koma baya ki shuka.

Malam Sabo:
Ku yi mini afuwa in sa baki, duk da ni ba marubuci ba ne. Ina jin tsoron kalmar "karɓa" da ake ta maimaitawa. Akwai bambanci tsakanin mai kallo ya yarda cewa wane zai iya aikata abu, da kuma ya yarda cewa abin daidai ne. Malamanmu sun daɗe da tattauna wannan. Ko an ɗora maka takobi a wuya an ce kashe wane ko a kashe ka, ba ka da izinin kashe shi, don ranka bai fi nasa ba. Imam Gazali ma ya kawo misalin jirgin ruwa da zai nutse sai an jefa mutum ɗaya, ya ce bai halatta a jefa shi ba. Ina gudun 'ya'yanmu su taso da tunanin cewa mai rauni kaya ne da ake saukewa idan tafiya ta yi tsanani.

Ummu Hanifa:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ni ma ba wanke Sadiq nake son yi ba. So nake mai karatu ya tsorata da kansa, ya ce ashe mutumin kirki ma zai iya kaiwa nan.

Malam Sabo:
To in haka ne muna tare. Sai dai ki bar wani a cikin mutum bakwai ɗin ya tsaya ya ce a'a, kuma kada ki mayar da shi wawa.

Barista Maryam:
Maganar Malam ta tuna mini da shari'ar da muka karanta a ajin dokar manyan laifuka, ta Dudley da Stephens a Ingila. A 1884 wani ƙaramin jirgi mai suna Mignonette ya nutse a tekun Atlantika, mutum huɗu suka tsira a kwalekwale da gwangwani biyu na abinci, babu ruwan sha. Bayan kusan kwana 20, yaron jirgin, Richard Parker, ɗan shekara 17, ya sha ruwan teku ya galabaita. Kyaftin Dudley ya yanka shi, Stephens yana goyon baya, na ukun mai suna Brooks bai amince da kisan ba. Suka rayu da namansa, bayan 'yan kwanaki wani jirgi ya tsince su. Kotu ta ce larura ba ta halatta kisa, aka yanke wa biyun hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa wata shida a kurkuku.

Abin da bai taɓa fita raina ba shi ne tambayar da alƙali Coleridge ya yi: wa zai yanke cewa larurar ta kai, kuma da wane ma'auni za a auna ran wani da na wani? Ya lura cewa wanda aka zaɓa shi ne mafi ƙuruciya, mafi rauni, wanda ba zai iya kare kansa ba. Kullum haka take faɗawa. Mai yin lissafin ba ya taɓa fitar da sunansa.

Ummu Hanifa, wannan ne nake ganin zai yi miki amfani. Dudley ba ɗan daba ba ne, magidanci ne mai iyali, kuma da suka sauka bai ɓoye abin da ya yi ba, don yana ganin al'adar masu tafiyar teku ta ba shi dama. Amma ya ɗauki kwanaki yana kawo maganar kafin ya aikata, har ƙuri'a ya nemi a yi. Sadiq naki ya kai ga matashin nan cikin dare ɗaya. Ina kwanakin da ya yi yana lallashin zuciyarsa?

Ɗan Zinder:
Ni dai ina ganin kuna haɗa abubuwa uku wuri guda. Kisan jinƙai daban, kisan tsoro daban, kisan cin riba daban. Mutuwar Dale fa? Matacce ya farke masa ciki a gonar Hershel, hanji a waje, Hershel ya duba ya ce ba abin da za a iya. Rick ya ɗaga bindiga hannunsa ya kasa, Daryl, maharbin tawagar, ya karɓa, Dale da kansa ya ɗago kai ya kusanto bakin bindigar. Ba wanda ya zargi Daryl a labarin. Mai ciwon ya nuna yardarsa, likita ya yi magana, kowa yana tsaye yana gani.

Sai ka kwatanta da Tomas, ɗaya daga cikin fursunonin da suka tarar a gidan yari, farkon zango na uku. Matacce ya karci wani fursuna mai suna Big Tiny a baya, ana tsaye ana shawara ko a keɓe shi, mutumin yana cewa lafiyarsa ƙalau, kawai Tomas ya rotse masa kai ya yi ta duka har jini ya wanke masa fuska. Sakamako ɗaya ne da na Dale, mutum ya mutu kafin ya rikiɗe ya zama zombi. Amma daga kallon da Rick da Daryl suka yi wa juna ka san Tomas ba zai kwana da su ba.

Malam Sabo:
Ko na Dale ɗin ma a wurinmu bai halatta ba, ɗan'uwa. Amma na fahimci bambancin da kake nufi a ɓangaren labari.

Ɗan Zinder:
Haka ne Malam, a labari nake magana. Kuma ga hanya ta huɗu da mutane ke mantawa: Jim. An cije shi a ciki a zango na farko, Daryl ya ɗauko diga zai sara masa a kai, Rick ya ɗora masa bindiga ya hana. Suka ɗauke shi a mota, girgizar hanya ta gagare shi, ya roƙa a ajiye shi. Suka zaunar da shi gindin bishiya, kowa ya zo ya yi masa sallama. Ba a kashe shi ba, ba a cece shi ba. Wannan wurin ya fi kashe-kashe da yawa taɓa ni.

Sista Rabi:
Bari in yi magana a matsayina na nas. Wanda ni ban taɓa haɗiye shi ba shi ne na Carol a zango na huɗu, 2013. Mura mai kisa ta ɓarke a gidan yarin, Karen da David suka kamu, aka riga aka keɓe su. Carol ta kashe su a ɓoye, ta ja gawarwakin waje ta ƙona, wai don ta tsayar da cutar. Cutar da ta riga ta kashe wani yaro mai suna Patrick, ta riga ta zaga sashen da mutane ke kwana! Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin keɓe masu zazzaɓin Lassa ya san kashe mutum biyu ba ya janye abin da ya riga ya shiga jikin mutum ashirin. Ai mun ga yadda ake yi a zahiri. A 2014 Dakta Stella Adadevoh ta hana Patrick Sawyer, wanda ya shigo da cutar Ebola daga Laberiya, fita daga asibiti a Legas, aka bi diddigin duk wanda ya yi mu'amala da shi, Ebola ta tsaya a mutum 20, takwas suka rasu har da ita kanta likitar. Keɓewa da bin sawu, ba wuƙa ba. Kuma a fim ɗin ma cutar ba ta tsaya ba, sai da su Daryl da Michonne suka je kwalejin likitan dabbobi suka samo magani. Kisan banza ne.

Aunty Bilki:
Sista, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma shi ya sa ni na yarda da wurin. Carol ba nas ba ce. Mace ce da ta yi shekaru miji yana jibgarta ba ta iya ɗaga ido, sannan ta rasa 'yarta Sophia tana ji tana gani ba ta iya komai ba. Daga nan ta yi wa kanta alkawarin ba za ta sake zama jiran tsammani ba. Ki tuna tana koya wa yara riƙe wuƙa a ɗakin karatu a ɓoye, da sunan karanta musu tatsuniya. Dalilin da ta faɗa da baki shi ne tsayar da cuta. Dalilin da ke cikinta shi ne ba za ta iya sake zama hannu rabbana ba. Kuskurenta a fannin lafiya bai ɓata labarin ba, don mutum mai irin wannan tabon haka zai yi kuskure.

Shane ma haka. Na baki: Carl. Na ciki: ni zan rayu, ni zan koma wurin Lori da kayan a hannuna. Duk kisan da na taɓa yarda da shi a irin waɗannan finafinan, na tarar da dalili biyu ne a ciki, wanda mai kisan yake gaya wa mutane da wanda ba ya son gaya wa kansa. Ummu Hanifa, kin ba Sadiq na baki kaɗai.

Sista Rabi:
Na ji wannan, amma har yanzu ina ganin an ɓoye mana da yawa. Ba mu ga lokacin da ta yanke shawarar ba, gawa kawai muka gani, sai Rick ya tambaye ta ta ce eh. Abin da ya ɗan gyara mini shi ne abin da ya biyo baya: Rick ya kore ta, sannan daga baya ta zauna gaban Tyreese, wanda Karen budurwarsa ce, ta tura masa bindiga a kan tebur ta faɗa masa gaskiya. Nan na ga ta biya wani abu.

Kuma ƙanwata Ummu Hanifa, gyara ɗaya ta ɓangarenmu. Karayar cinya ba ƙaramin abu ba ce, mutum yana iya zubar da jini mai yawa a cikin naman cinyar ba tare da an ga ɗigo a waje ba. Cinyar za ta kumbura, jikinsa ya yi sanyi, ƙishirwa ta dame shi, hankalinsa ya riƙa gushewa. Idan kika nuna wannan, Sadiq zai samu abin da zai riƙa gaya wa kansa: ai dama mutuwa zai yi. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ki bar mai karatu cikin shakka.

Khalifa 09:
Wanda ya kalli na Koriya, All of Us Are Dead, na 2022 a Netflix? Wani ɗalibi, Gyeong-su, ya ɗan ƙuje a hannu, 'yar ajinsu Na-yeon ta dage cewa ya kamu, aka keɓe shi, lokaci ya wuce bai rikiɗe ba. Maimakon ta ba da haƙuri sai ta shafa masa jinin zombi a ciwon da hankici, tana yi kamar goge masa take. Ba don ta tsira ba, don kada a ce ita ce ba ta da gaskiya, kuma dama ta raina shi saboda gidansu talakawa ne. Ni wannan ya fi na Shane ba ni tsoro, don na san masu irin halin.

Bash Fagge:
Na kalla. Amma bari in koma kan Shane, don akwai abin da ke cina. Me ya sa a ƙafa? In ma dole ne, ya harbe shi a kai mana ya huta. Matattun ai suna cin sabuwar gawa, mun ga ɗaya yana cin barewar da Daryl ya harba tun a zango na farko.

Aunty Bilki:
Don mai ihu da birgima ya fi riƙe su. Kuma dubi abin da hakan ya jawo: Otis ya kama shi da kokawa, ya tuge masa gashi. Shi ya sa Shane ya shiga banɗakin gidan Hershel ya aske kansa tas don ɓoye wurin. Daga nan ƙarya ta fara haihuwa. Aka ba shi kayan Otis ya sa, Patricia matar mamacin ta roƙe shi ya yi magana wurin makoki, ya tsaya cikin tufafin mutumin da ya kashe yana ba da labarin jarumtakarsa. Dale bai yarda ba. Daryl ya lura cewa ya dawo da bindigar da ke hannun Otis, mutumin da aka ce ya tsaya yana kare shi da harbi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Daga Otis sai Randall, saurayin da suka kama, da ya karya wa wuya a daji, daga Randall sai Rick, wanda ya riga shi da wuƙa a kashi na 12. Harsashi ɗaya ya ci zango guda.

Ummu Hanifa, a babi na 15 me Sadiq yake yi?

Ummu Hanifa:
Yana jagorantar su zuwa neman mota, Anti. Na rubuta ya yi kuka da asuba, shi ke nan. Yanzu na ga ramin.

Ga abin da na tsara tun da kuka fara magana. Zan sauke babi na 14 in gyara daga na tara. Akwai ƙanwar Sadiq a cikin mutum bakwai ɗin, Zainab, mai ciwon asma, ban taɓa amfani da ita sosai ba. Zan sa a babi na tara ya ɓoye robar ruwa ɗaya dominta alhali ana rabon kurɓi-kurɓi, Nura ya gani ya rufa masa asiri. Karayar za ta ɗauki kwana uku, ba dare ɗaya ba. A rana ta biyu Sadiq zai fara cewa a bar shi da ruwa a tafi, tsohuwar da ya goya ita za ta ce in an bar Nura a bar ta tare da shi, kuma maganarta za ta yi nauyi kamar yadda Malam ya nema. Da safe zai ce musu jini ne ya ƙare masa cikin barci.

Barista Maryam:
Wa ya gani?

Ummu Hanifa:
Zainab. Idonta biyu, ba ta motsa ba, kuma ta san dominta aka yi.

Sista Rabi:
To ki sa a farcen Nura a samu fatar wuyan Sadiq. Wanda aka toshe wa numfashi yana kokawa ko da cinyarsa a karye take. Kuma ki tuna wanda zai yi masa wanka shi zai fara gani.

Ummu Hanifa:
Babu namiji babba a cikinsu da ya iya wankan gawa sai Sadiq ɗin, sai wani yaro ɗan shekara 15 da zai riƙa zuba masa ruwa. Malam, ya halatta yaron ya taya shi?

Malam Sabo:
Ya halatta, tunda yana da wayo. Ki sa tsohuwar ta tsaya daga bayan ƙofa tana gaya musu yadda ake yi, a fara da gaɓoɓin alwala, sannan ɓangaren dama.